Kwamfutar da Ke Jin Sanyi

Ku da kuke zama a ƙasan benenmu da tebur da lema kuna kiran kanku injiniyoyi, abin da kuke faɗa a kaina yana hawowa sama, domin benen ba shi da rufin asiri. Kun ce Malam Isiyaku ya tsufa, ya cika tambaya, mutum ya kawo masa kwamfuta sai ya zaunar da shi yana titsiye shi kamar ɗan sanda. Ku kuwa cikin rabin awa kun goge duk abin da ke cikinta kun zuba sabo, kun miƙa wa mai ita, kun koma kallon ƙwallo a waya. Ban ce ba ku iya ba. Hannunku ya fi nawa sauri, idonku ya fi nawa kaifi. Amma akwai wani aiki da na yi a daminar bara wanda nake so ku ji, domin a cikinsa na yi irin kuskurenku, da furfurata da komai, kuma wani ne ya biya kuɗin kuskuren da kwanakinsa.

Shagona kun san shi, na ƙarshe ne a barandar sama, kusa da inda ruwa ke zuba idan bututun rufi ya toshe. Abin da ke kan bencina bai fi a ƙirga da yatsu ba. Akwai mitar gwajin wuta mai allura wadda kuke yi wa dariya, da ƙarfen narka dalma, da gilashin ƙara girma, da tsohon burushin haƙori na share ƙurar fanka, da caja babba guda ɗaya da nake jona wa kowace laftof da ta shigo, sai kuma sukundireba mai ruwan ɗorawa a mariƙi. Wannan sukundireban ya girmi yawancinku. Maƙwabtana na dama da hagu masu sayar da waya ne, sa'annin 'ya'yana, muna gaisawa da safe shi ke nan. Akan yi yini guda ban yi magana da kowa ba sai mai kawo abinci.

Ba da kwamfuta na fara ba. Ina ɗan shekara goma sha bakwai mahaifina ya kama hannuna ya kai ni babbar kasuwar Terminus ta nan Jos, lokacin tana sabuwa, fentinta ko dusashewa bai yi ba, ya damƙa ni ga wani Inyamuri mai gyaran rediyo da talabijin, ana ce masa Oga Bene. Shagonsa yana hawan ƙasa, a wani lungu bayan masu sayar da agogo. Wata shida na farko bai bar ni na taɓa ƙarfen dalma ba. Aikina shara, da jera sukurori a gwangwanin madara kowanne da girmansa, da zama in ji yadda yake magana da masu kawo gyara. Na ɗauka wulaƙanci ne. Sai daga baya na gane cewa zaman sauraron shi ne karatun.

Rediyon wani makiyayi daga bayan Naraguta shi ne aikin da ya fara buɗe mini ido. Sau uku yana kawo shi, yana cewa ba ya kama tasha. Duk sau ukun muka kunna a shago ya yi magana tar, har da tashoshin ƙasashen waje. A na uku na ce wa Oga Bene a hankali mutumin nan so yake a canza masa sabo. Ya dube ni ta saman tabarau.

"Isiyaku, rediyo ba ya ƙarya," ya ce. "Idan yana magana a nan, ba ya magana a gida, ciwo yana gida. Bi shi ka duba."

Na bi shi, muka hau mota muka sauka muka taka da ƙafa, muka wuce kududdufan da masu haƙar kuza suka bari, har rugarsu. Da isa na ga abin. Doguwar wayar eriya da muka ɗaura masa, wadda ya kamata ya miƙe ta ya rataya a reshe, ya naɗe ta tsaf ya ɗaure da zare ya cusa a ƙarƙashin rediyon, domin 'yan maruƙa suna tauna ta. Na kwance na jefa ta saman bukka, rediyo ya tashi. Mutumin ya ba ni nono a ƙwarya, na dawo ina jin kaina kamar likita.

Shekara goma sha shida na yi a wannan lungun, daga yaron shago har na zama abokin aiki, bencina yana kallon nasa. Sai shekarar da ba na son tunawa ta zo. Gari ya riga ya rikice kafin nan, mutanen da suke cin abinci a kwano ɗaya suka fara kallon juna a kaikaice, kowa ya koma unguwar da ya fi jin zai kwana lafiya. Ana kukan targaɗe sai ga karaya, a shekarar dubu biyu da biyu kasuwar ta kama da wuta. Muka zo muka tsaya a titi muna kallon hayaƙi. Talabijin na mutane da ke hannunmu, da mitoci, da akwatunan kayan gyara da Oga Bene ya tara tun kafin a haife ni, ko ƙusa ba mu fitar ba. Sukundireban nan ya tsira ne kawai don na manta shi a aljihu na tafi da shi gida. Oga Bene ya yi 'yan watanni yana zama a bakin titi da rediyo biyu a gabansa, daga nan ya tattara iyalinsa ya koma garinsu. Ban sake ganinsa ba. Labarin rasuwarsa ma a bakin wani direban motar kaya na ji, bayan an yi shekara biyu da binne shi.

Daga nan gyaran talabijin ya yi ta mutuwa a hannuna, domin sababbin da ake kawowa ba a gyara su, canza musu ciki ake yi. Ina da shekara arba'in na zauna na koyi kwamfuta, ina tambayar yaran da na haifi kamarsu, suna amsa mini suna danne dariya. Na koya. Wannan ke nan.

Yanzu ga aikin. Wata Talata a cikin Agusta, ana irin yayyafin nan da ke yini yana shiga ƙashi, na ji ana hawowa bene a hankali, taki ɗaya a huta. Wani dattijo ne, Inyamuri, ya haura saba'in da biyar, da rigar sanyi da hular ulu, ya rungume jaka a ƙirji. Sai da ya lalubi bakin ƙofa da hannu kafin ya shigo.

"Kai ne Malam Isiyaku? Sun ce kai ne tsoho a nan. Ba na so yara su taɓa shi."

Na ba shi kujera. Ya ce sunansa Matiyas. Ya fito da laftof sabuwa fil, babba, mai nauyi, irin wadda ake saya don zanen gine-gine. Ya ce 'yarsa Ngozi ce ta aiko masa da ita daga Enugu, ko wata biyu ba ta yi ba.

"Me ke damunta, Baba?"

"Yana jin sanyi," ya ce. "Kullum yana jin sanyi."

Ku lura da wannan maganar, domin a nan na faɗi. Kun san yadda muke cewa abu yana da sanyi idan ba ya sauri, mu ce yaro mai sanyin jiki, mu ce kasuwa ta yi sanyi. Na ji Hausar ɗan kudu wanda ya tsufa a Jos, mai mayar da mace namiji, sai na gyara masa ita a cikin zuciyata, na ce nufinsa kwamfutar tana da sanyi, ba ta sauri. Har na yi ɗan murmushi. Ban tambaye shi me yake nufi ba.

Na tambaye shi dai aikin da yake yi da ita, sai ya ba ni labari. Mai zanen taswira ne a kamfanin kuza a ƙuruciyarsa. Da kuza ta mutu ya kama rumfa a hawan sama na babbar kasuwa, yana sayar da takardun zane da rula da fensir, yana kuma zana wa mutane fasalin gida. Bayan gobarar ya koyi zane a kwamfuta. Shekara huɗu ke nan yana wani aiki da ba wanda ya sa shi: yana sake gina kasuwar a cikin kwamfuta, rumfa bayan rumfa, da matakala da baranda da sunayen masu rumfuna, yadda mutum zai iya shiga ta ƙofa ya zaga kamar yana tafiya da ƙafarsa. Tsohuwar kwamfutarsa ta kasa ɗaukar nauyin ginin, shi ya sa 'yar ta sayo wannan.

"Ido na na hagu ya tafi," ya ce, ya nuna da yatsa. "Na dama yana bin shi. Likita ya ce hawan jinin ido. Ngozi zai zo ƙarshen wata ya ɗauke ni, ba zan dawo ba. Ina so in gama, in shiga ciki sau ɗaya in zaga, kafin wuta ya ɗauke."

Saura mako uku ke nan.

Ga abin da ya kamata ku sani game da irin wannan laftof. Abin da ke zana hoto a fuskarta, wanda muke ce wa girafik, guda biyu ne a ciki. Akwai ƙarami, mai cin wuta kaɗan, na rubutu da kallon bidiyo. Akwai babba, na aiki mai nauyi, mai shan wuta kamar dutsen guga. Ita kwamfutar ce ke zaɓen wanda zai yi aiki, kuma sau da yawa takan yi rowa ta ba ƙaramin. Baba Matiyas bai zo da cajarsa ba, ya ce nauyi gare ta, sai na jona tawa ta benci. Na duba na ga manhajar zanensa ƙaramin girafik take hawa. Na mayar da ita kan babban. Na sabunta direba, wato 'yar manhajar da ke koya wa kwamfuta yadda za ta yi magana da girafik ɗin. Na shiga wurin saitin wuta na ce mata ta daina tattali. Sannan na buɗe zanen nasa don gwaji.

Rufin kasuwar ne ya fito, daga sama, kamar yadda shaho zai gan ta. Shekara ashirin da wani abu ina wuce kangon nan kullum ba na ɗaga kai. Na juya ginin hagu da dama, ya juya sumul ba tangarɗa, na yi maza na rufe. Ban shiga ciki ba, ban kuma gaya masa ni ma ɗan kasuwar ne ba. Na ce masa ta warke. Ya yi godiya ya sauka benen a hankali kamar yadda ya hawo.

Bayan kwana huɗu ya dawo.

"Malam, har yanzu yana jin sanyi. Ya ma fi da."

Na sake jona cajata, na ɗora ta a kan gilashin bencina. Wannan karon na ba ta wahala. Awa biyu ina juya ginin, ina kallon ma'aunin zafinta, ina sauraron fanka. Zafi daidai, fanka tana numfashi lafiya, ƙwaƙwalwarta ba ta cika ba, babu wata ɓoyayyar manhaja da ke cin ƙarfinta a baya. Na cire direban da na sa na gwada wanda ya gabace shi, duk ɗaya. Ban kwance ta ba, domin sabuwa ce da hatimin kamfani, kuma wanda ya kwance sabuwar kwamfuta ba dalili ya nuna bai san abin da yake nema ba. Lafiyarta lau, ta fi ni lafiya.

A nan na faɗi maganar da har yau nake jin kunyarta. Na ce, "Baba, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Anya ba idon ne ba? Wani lokaci idan ido ya gaji sai a ga hoto yana rawa."

Ya miƙa hannu ya rufe laftof ɗin da kansa, ya sa a jaka, ya ja zif a hankali.

"Ido na bai kai can ba tukuna, Malam," ya ce. "Shekara hamsin ina ja layi. Na san layi da ke rawa, na san ido da ke rawa."

Ya tafi. Ya riga ya bar mini katinsa a kan benci tun zuwan farko, da kwatancen gidansa a baya da rubutun masu zane, kowane harafi a tsaye kamar soja.

Kwana biyar katin nan yana kallona. Ba wai ban tuna da rediyon makiyayi ba, tun yana sauka benen na tuna. Tana aiki a nan, ba ta aiki a gida, yaro ma ya san sauran. Abin da ya riƙe ni shi ne kwatancen. Unguwar tasa tana can bayan Katako, kuma tun shekarun rikici ban sa ƙafata a cikinta ba. Ba wanda ya hana ni, an daɗe da samun lafiya, 'yan keke mai ƙafa uku suna shiga suna fita kullum. Amma ƙafa takan koyi hanyoyin da ba ta bi, ta riƙe su fiye da yadda kai ke riƙewa. Na yi ta ce wa kaina ai zai dawo. Bai dawo ba. Mutumin da ke da mako uku, na ci masa kwana tara, huɗu da gaggawa, biyar da tsoro.

Ran Alhamis bayan azahar na rufe shago, na sa mita da sukundireba a jaka, na hau keke. Muka wuce Katako da ƙarar injinan yanka katako da ƙamshin ɗanyen itace, na sauka inda katin ya ce, na ƙirga gida na huɗu bayan famfo. Wata mata mai suyar ƙosai ta bi ni da kallo, na gaishe ta, ta amsa da fara'a har ta nuna mini ƙofar. Abin da na shekara ashirin ina gudu ke nan.

Shi kaɗai ne a gidan. Matarsa ta rasu shekara uku da suka wuce, an riga an ɗaure rabin kayan ɗakin a kwali. Da ya gane muryata bai nuna mamaki ba, ya ce in shigo, ya ja ni zuwa teburin aikinsa a gefen taga.

Gani ya kori ji. Laftof ɗin tana zaune a kan bargon ulu mai kauri, an ninka shi huɗu, an tattaro gefunansa an rungume ta hagu da dama. A bayanta, daidai inda iska mai zafi ke fita, an lulluɓa rigar sanyi ta mata, shuɗiya, an cusa hannayenta a ƙasa don kada ta zame. Ba waya ko ɗaya a jikinta. Na waiga na hango cajar a saman kabad, a cikin kwalinta, an naɗe wayar an ɗaure da roba.

"Baba, wannan bargon fa?"

"Na gaya maka yana jin sanyi. Duba."

Ya kunna, ya buɗe zanen, ya taɓa don ginin ya juya. Hoton ya motsa ya tsaya, ya motsa ya tsaya, layukan suna kakkarwa. Na tsaya ina kallo, kuma wallahi ba wata kalma da ta dace da abin sai tasa. Rawar sanyi take yi, kamar yaron da aka fito da shi daga wanka a watan Agusta. Ashe mutumin ba kuskuren Hausa ya yi ba. Abin da ya gani ya faɗa, daidai, tun ranar farko.

"Zamanin da," ya ce, "talabijin na, idan gari ya yi sanyi sai ya ɗumama kafin hoto ya tsaya. Kai ma ka sani. To na ce wannan ɗan Enugu ne, bai saba da Jos ba."

Me zan ce? Ni da na shekara goma sha shida ina gaya wa mutane su bar talabijin ya ɗumama.

Na tambaye shi cajar. Ya ce wanda ya kawo masa saƙon ya gargaɗe shi kada ya yi aiki da ita tana jone, wai baturi zai mutu. Don haka yakan yi mata caji tana kashe, ya cire, ya mayar da cajar kwali, sannan ya kunna. Kun ji ciwon ke nan, kashi biyu. Irin wannan laftof idan tana kan baturi ba ta ba babban girafik abincin da zai ƙoshi, komai saitin da ka yi mata, sai ya riƙa aiki da rabin ƙarfi, hoto ya yi ta tsalle. Wannan ne rawar da ya fara gani. Da ya lulluɓe ta don ya taimake ta, sai ya toshe mata hanci, domin ta ƙasa take shaƙar iska ta fitar ta baya. Zafi ya taru, ita kuma idan ta ji zafi sai ta rage gudu don kada ta ƙone. Tana ƙara rawa yana ƙara bargo. A shagona kuwa tana jone da cajata, tana zaune a kan gilashi, me zai hana ta gudu?

Na sa hannu zan ɗauke rigar sanyin, ya riga ni. Ya ɗauke ta da kansa, ya ninka, ya ɗora a cinyarsa. Ta matarsa ce. Na janye bargon, na taɓa ƙasan laftof ɗin, da kyar na iya barin hannuna. Na ce ina son abin da zai ɗaga ta daga tebur kamar faɗin yatsa. Ya laluba aljihun tebur ya fito da rula biyu na katako masu kusurwa uku, irin na masu zane, ya ce su kaɗai suka rage daga rumfarsa, suna gida ranar gobarar. Na jera su na ɗora ta a kai. Na sauko da cajar na kwance robar na jona. Na gaya masa baturin zamani ba ya mutuwa don an yi aiki yana jone, idan ya cika shi da kansa yake daina sha. Muka ba ta minti goma sha biyar ta huce. Ruwa yana ta ƙara a kwanon rufi.

Da ya sake buɗewa, ginin ya juya kamar an shafa masa mai. Ya matso da fuskarsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashin, ya karkata kai don idon dama ya samu.

"To," ya ce. "Mu shiga."

Muka shiga ta babbar ƙofa. Ban san yadda zan gaya muku ba, ku da kuka tashi kuka tarar da kango. Matakalar nan mai faɗi tana nan, da ƙarfen riƙewa, da layin masu atamfa, da inda hasken rana ke saukowa ta tsakiya. A kan kowace rumfa akwai suna. Yana tafiya yana kiransu kamar mai gaisuwa, wannan ya koma Onitsha, wannan ya rasu, wannan Alhajin yana ba ni goro kullum ko da yake ya san ba na ci. Ya kai ni rumfarsa a sama, har da rula a rataye. Babu mutum ko ɗaya a cikin kasuwar, domin ya ce bai iya zana mutane ba, gini ya koya.

Daga nan muka sauko hawan ƙasa, muka wuce masu agogo, ya karya kwana. Rumfunan lungun suna nan, amma fararen akwatuna ne, ba ƙofa ba suna.

"Nan ne ya rage," ya ce. "Ban cika sauka nan ba. Na tambayi mutane, ba wanda ya tuna. Zan bar shi haka."

Na ce, "Na farkon, Sani mai batir ne. Na biyu wata Bayarabiya mai sayar da kaset. Na uku Oga Bene, mai gyaran rediyo. Ƙofarsa ba a tsakiya take ba, tana gefen hagu."

Ya juyo da idon nan guda ya dube ni, ya daɗe.

"Sau biyu na zo shagonka," ya ce. "Ba ka faɗa ba."

"Ban faɗa ba, Baba."

"Jawo kujera."

Kwana goma sha biyun da suka rage, kullum bayan azahar ina rufe shago in hau keke, in dawo kafin magariba. Wasunku sun ɗauka rashin lafiya nake. Ni ina faɗa, shi yana ja layi. Rumfa goma sha ɗaya muka cika. Ya matsa mini sai na tuna ko benci na fuskantar gabas, ko shantar talabijin hawa uku ce ko huɗu, domin shi ba ya zana abin da ba a tabbatar ba. A rumfar Oga Bene ya sa benci biyu suna kallon juna, ya ɗora ɗan ƙaramin rediyo a kan ɗaya. A kwanakin ƙarshe sai na riƙa nuna masa inda kibiyar take a fuskar kwamfutar, domin takan ɓace masa. Akwai wani layi na masu takalma a can ƙurya da ba mu kai gare shi ba. Da ban ci masa kwana tara ba, da mun kai.

Ranar da 'yarsa ta zo, ya zaga kasuwar tun daga ƙofa har ƙofa, shi kaɗai, muna tsaye a bayansa. Da ya gama ya rufe, ya miƙo mini filashi, ɗan abin ajiyar nan da ake sokawa a kwamfuta, ya ce kasuwar tana ciki, shi ba shi da sauran amfani da ita. Rulan biyu ya tafi da su.

To, kun sha ganina ina gwada laftof da wani gini, kuna tambaya wane wasa ne wannan mara bindiga. Shi ne. Duk laftof da aka kawo da ciwon girafik, idan na gama, sai in sa filashin in shiga ta babbar ƙofa, in wuce masu agogo, in karya kwana. Idan ta kai ni rumfa ta uku ba ta yi rawar sanyi ba, ta warke. Kafin nan kuwa sai na tambayi mai ita a kan me yake ɗora ta, da wace caja, kuma idan ya faɗi kalmar da ta yi mini baƙo ba na gyara masa, sai in ce me kake nufi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ku ci gaba da cewa na cika tambaya.

Bayan wata biyar Ngozi ta kira ni, ta ce idon daman ya tafi, amma yana cin abinci, kuma yana so mu gaisa. Ta ba shi wayar. Muka gaisa, ya tambayi sanyin Jos, na ce yana nan.

"Malam, ka shiga kasuwa yau?"

Na ce na shiga da safe, an kawo wata laftof.

"Akwai mutane?"

Na ce, "Ni kaɗai ne, Baba."

Sannan ya ce, "To idan ka sake shiga, ka hau sama ka duba mini rumfa na."

Na ce zan duba. Tun ranar, kafin in sauka lungunmu, sama nake fara hawa.